Idan Numfashin Yaro Ya Ɗauke: Abin Da Ake Yi A Mintunan Farko

A wurin babba, galibi zuciya ce ke fara tsayawa. Yaro kuwa numfashinsa ke fara gazawa, sannan zuciya ta bi baya. Nimoniya, maleriya mai tsanani, faɗawa ruwa, ko ƙwayar gyaɗa da ta maƙale a maƙogwaro, duk hanyarsu ɗaya: iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, bugun zuciya ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Kafin a kai nan jiki yana nunawa. Ku dubi ƙirjin yaron: ƙasan haƙarƙari na lotsawa duk jan numfashi, hanci na buɗewa, yana nishi, leɓe ya fara duhu. A nan ya kamata a ruga asibiti, ba sai ya sandare ba.

To, an taɓa shi bai motsa ba, ba ya numfashi. A yi kururuwar neman taimako, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa kaɗan. Ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce a fara hura masa iska sau 5, ana kallon ƙirji yana tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin ya kai kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙirjin. Jariri da manyan yatsu biyu, yaro da tafin hannu. Ma'aikatan lafiya kan danna sau 15, su hura sau 2. Tsoron karya haƙarƙari na sa mutane danna sama-sama, kuma wannan ba ya tura jini ko'ina.

A asibiti aiki kan rabu. Wani na riƙe da jakar hura iska, wani na danna ƙirji, wata nas na neman jijiya. In jijiya ta ɓuya, ba a ɓata lokaci, sai a soka allura ta musamman a ƙashin ƙwauri, magani ya shiga ta ɓargo. Ana ba da adiranalin, maganin da ke zaburar da zuciya, gwargwadon nauyin yaro, a maimaita duk minti 3 zuwa 5. Kuma dole a auna sukarin jini, don yaron da maleriya ko tamowa ta kama, sukarinsa kan faɗi ba a ankara ba.

Sai batun ƙarin ruwa, wanda iyaye da yawa ke ganin shi ne magani. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, da aka yi kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48 fiye da waɗanda ba a yi wa haka ba. Binciken bai haɗa da masu gudawa ba, su kam suna buƙatar ruwan. Don haka in likita ya rage gudun ruwan da ke ɗiga, kada mai kula da yaron ya sa hannu ya ƙara.