Kofin Jalco: Lokacin da Najeriya da Ghana ke karawa kusan duk shekara

An rubuto wannan lacca ne daga faifan taron da aka yi a Jos.

Assalamu alaikum. Iyayena, ƙannena, da matasan da na hango sun cika bayan zaure, sannunku da zuwa.

Da an ce Najeriya da Ghana, abin da ke faɗo wa yawancinku a rai shi ne daren 29 ga Maris, 2022 a Abuja. An tashi babu ci a Kumasi, aka dawo gida, Thomas Partey ya zura mana ɗaya, Troost-Ekong ya farke da fanareti, amma ƙwallon da suka ci a gidanmu ta kai su gasar cin kofin duniya a Ƙatar. 'Yan kallo suka afka cikin fili. To, wannan zafin ya girmi 'yancin kan ƙasashen biyu.

A 1951, muna ƙarƙashin Turawa, Ghana kuma ana ce mata Gold Coast, kamfanin sayar da motoci na J. Allen ya sa kofi tsakaninmu, aka kira shi Jalco. Bana a Legas, baɗi a Accra. Wasan farko a Legas muka lallasa su 5-0. Lokacin jar riga muke sawa, ana ce mana Red Devils. Ku tuna fa, shekara biyu kacal kafin nan, a 1949, tawagarmu ta je Ingila, yawancin 'yan wasan ba takalmi, sai bandeji da suke naɗewa a ƙafa, a cikin sanyin nan, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. A cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa. Mutanen Jos, naku ne shi ma, domin ya taka leda a garin nan.

Sai 1955. Aka je Accra, suka yi mana 7-0. Bakwai! Har yau ba a taɓa yi wa babbar tawagarmu cin da ya kai wannan ba. Amma ga abin da nake so ku lura da shi: ba a jira shekara goma ba. Shekara na zagayowa suka zo Legas, muka rama da 3-0. Ɗan wasa ya san duk abin da ya shuka bana, baɗi zai girbe shi a gaban mutanen nan dai.

Kofin ya tsaya a 1959. Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo da gaske, ya damƙa harkar wasanni a hannun Ohene Djan, Ghana ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965. Mu sai 1980 muka ɗaga shi.

Abin da ke damuna shi ne, yau ba ma haɗuwa da maƙwabtanmu sai ƙuri'a ta haɗa mu. Har wasan sada zumunci da Ghana sai a kwashe a kai Landan, inda talakan da ke mutuwar son tawagar ba zai taɓa zuwa ba. Ga Nijar, ga Kamaru, ga Benin, ga Chadi. Katsina zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce. A sa kofi tsakaninmu da Nijar, bana a Kano, baɗi a Yamai, da 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida, ku ga ko motocin tasha za su ishi jama'a.

Alhaji, na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa lasifika.