Kafin ka tara jama'a a kan dek ɗinka, leƙa ƙarƙashinsa

Jama'a assalamu alaikum, daga Minisota nake gaishe ku. Yau raina a ɓace yake. Ga shi zafi ya shigo, mutanenmu sun fara walima da taron suna a bayan gida, sai ka ga an cika dek da mutane maƙil, an jera kuloli da tukunyar jalof, alhali idan ka duba abin da ke riƙe da shi jikin bango, ƙusoshi ne kawai. Ga waɗanda ke gida, dek shi ne dandamalin katako da ake kafawa a bayan gidajen Amurka, wani tsayinsa ya kai bene hawa ɗaya. Mu da muka saba da daɓen siminti ba ma kawo wa ranmu cewa ƙasan da muke takawa na iya zubewa. To yana zubewa. A Chicago, watan Yunin 2003, baranda ta rufta ana tsakar biki, mutum 13 suka mutu. A Berkeley ta Kalifoniya a 2015 wata ta karye da ɗalibai, shida suka rasu a ranar, kuma bincike ya nuna ruwa ne ya ruɓar da katakon daga ciki.

Ku ɗauki tocila da sukundireba mu shiga ƙasa. Wannan doguwar katakon da ke manne da bangon gida, Turawa na ce mata leja, a nan mafi yawan ruftawa ke farawa. Ƙa'ida ita ce a ɗaure ta da bol ko manyan sukurori masu kaurin rabin inci, su ratsa har cikin katakon gidan. Ƙusa tana jure nauyi daga sama, amma idan dek ya fara ja baya daga bango, zarewa take yi sumul. In ka ga kan ƙusa kawai, ko ka ga rata tsakanin leja da bango, kada kowa ya sake hawa. A samanta kuma dole a ga fallen ƙarfe da ke karkatar da ruwa. In babu, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna bi ta baya suna cin katakon shekara da shekaru, daga waje kuwa fenti na ƙyalli.

Sai ka soka sukundireba a gindin ginshiƙai, da ƙarshen azarorin da ke ɗauke da daɓen, da gefen matakala. Lafiyayyen katako yana turjewa, in ka ɓanɓare shi ya tsage da dogayen sili. Ruɓaɓɓe kuwa ƙarfen nutsewa yake yi, ya marmashe a hannunka. Duba ƙarafan da azarori ke zaune a ciki: kowane rami da ƙusarsa? Tsatsa ta cinye? Katakon da ake jiƙawa da magani tun daga 2004 yana ɗauke da jan ƙarfe mai yawa, yana cin ƙusa ta gama-gari, don haka sai mai rufin zinc mai kauri ko ta ƙarfe marar tsatsa.

Kuma don Allah, 'yan suya, guntayen wannan katakon mai launin kore-kore ba itacen gashi ba ne. Na da can, kafin 2004, har da gubar asenik a cikinsa. Hayaƙin da tokar duka guba ne. Murhun ma a janye shi nesa da bango da shinge.

Shingen gefe: idan dek ya haura inci 30 daga ƙasa, dole a yi masa shinge mai tsayin inci 36 aƙalla, wasu jihohi ma 42 suke so. Ratar sanduna kada ta kai inci 4, saboda kan yaro. Jingina da ƙarfinka ka girgiza shi. In ya yi rawa, ginshiƙinsa ne ba a ɗaure da bol ba. Ginshiƙan ƙasa kuma, a nan kudancin Minisota sai kankarensu ya nutse inci 42, a arewa 60, domin ƙasa tana daskarewa ta kumbura ta ɗaga dek. Abin da maginin Kano bai taɓa lissafawa da shi ba kenan, shi gara ce damuwarsa.

Yanzu batun kayan da ba sa son wahala. Katako mai magani shi ne mai arha, amma duk shekara biyu zuwa uku sai ka wanke ka shafa masa mai, galan ɗaya kuwa ya tasar wa dala 40 ko 50, ga ciwon baya. Akwai haɗin garin katako da roba, irin su Trex da TimberTech. Kuɗinsu ya ninka na katako sau biyu ko uku, amma sabulu da ruwa kawai suke so, ba sili, ba fenti, garantinsu shekara 25 ko fiye. Ni shi na fi so, ba na ɓoyewa. Sai dai ku guji mai duhun launi. Rana ta buge shi a watan Yuli, yaro ba zai iya taka shi ba takalmi ba, mu kuwa da takalmi a bakin ƙofa muke barinsa. Yana kuma miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, sai an bar 'yar rata a ƙarshen kowane falle yadda kamfani ya rubuta. Azarori kada su wuce inci 16 tsakani, in a karkace za a shimfiɗa, inci 12, in ba haka ba ya lotsa. Na roba zalla ya fi jure danshi, ya dace da gefen ruwa, tsada ce dai.

Inda ake cutar mutanenmu shi ne, ɗan kwangila ya zo ya shimfiɗa sabon falle mai kyau a kan tsoffin azarori, ya karɓi dubban daloli ya tafi. Garantin nan na falle ne kaɗai, bai shafi katakon ƙasa ba. Ka sa ya cire tsohon daɓen, ku duba leja da azarori tare, a manna tef ɗin hana ruwa a saman kowace azara kafin a rufe. Kuma ka tabbata ya karɓo takardar izini daga ofishin gari, domin ita ce za ta sa jami'in duba gini ya zo ya gani da idonsa. Wanda ya ce maka a bar zancen izini don a rage kuɗi, sallame shi.