Adon Harshe da Dabarun Adabi: Yadda Ake Gane Su a Waƙa da Wasa da Labari

Assalamu alaikum masu kallo, musamman ɗalibanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende waɗanda ke shirin jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO ko JAMB. Ɗalibai da yawa suna haddace kalmomin nazarin adabi a jere, amma da zarar an ajiye musu baiti guda an ce su nuna abin da mawaƙin ya yi, sai ido ya raina fata. Dalili kuwa shi ne kowace kalma daga cikinsu sunan wani aiki ne da mai magana ke yi da harshe, kuma wanda bai ga aikin da idonsa ba, sunan kaɗai ba zai fisshe shi ba.

Mu fara da kamance da siffantawa, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan ɗan dako a kasuwar Mile 12 ya ce buhun albasa ya yi nauyi kamar dutse, ya yi kamance, saboda ya ajiye abu biyu kusa da juna, ya haɗa su da kalma irin su kamar ko tamkar ko awa, sannan ya faɗi abin da ya haɗa su, wato nauyi. Wannan shi ne kamancen daidaito. Da ya ce buhun ya fi dutse nauyi, da ya zama kamancen fifiko, idan kuwa aka ce hasken fitila bai kai na farin wata ba, an yi kamancen kasawa. Amma idan ɗan dakon nan ya ce uban gidansa dutse ne, to ya shiga siffantawa, domin ya cire kalmar haɗi, ya kuma ɓoye dalilin. Yanzu aiki ya koma kan mai sauraro: shin uban gidan mai haƙuri ne da ba ya girgiza, ko kuwa mai taurin hannu ne da ba a tatsar komai a jikinsa? Sai abin da ya gabata da abin da ya biyo baya ne za su raba gardama. Wannan ɓoyewa ce ta sa siffantawa ta fi kamance ƙarfi, kuma ita ce ta sa makaɗan fada suka fi son kiran sarki giwa ko zaki ko bajimi kai tsaye, maimakon su ce yana kama da su.

Jinsintarwa kuwa ita ce a ɗauki halin wani jinsi a ba wani. Mai cewa Legas ba ta barci kuma ba ta jiran kowa ya ba gari halin mutum, wannan mutuntarwa ce. Mai cewa maigida ya shigo yana gurnani ya ba mutum halin dabba, wato dabbantarwa. Idan aka ce wane ya zauna har ya yi tsatsa, an mayar da shi ƙarfe, ita ce abuntarwa. Kambamawa ba ta da wuyar ganewa, domin duk wanda ya ce ya shekara a cikin cunkoson motoci a gadar Third Mainland ya yi ta, kuma babu mai kiransa maƙaryaci.

Akwai wasu biyu da ake yawan cakuɗawa, zambo da habaici. Mai zambo yana fito da abokin hamayya fili, ya zayyana muninsa ko rowarsa ko ragwancinsa har jama'a su gane shi su yi dariya. Mai habaici kuwa ba ya kama suna, yana jefa magana ne a tsakiyar taro ya bar mai ita ya tsinci kayarsa, kamar yadda Hausawa ke cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

A rubutacciyar waƙa, bayan adon harshe akwai tsari. Layi guda shi ne ɗango, ɗangwaye idan sun haɗu su ne baiti, kuma yawan ɗangwayen ne ke ba waƙa suna: gwauruwa mai ɗango ɗaya, sai ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu da ƙwar biyar. Tahmisi ba daidai yake da ƙwar biyar ba, ko da yake shi ma baitinsa ɗango biyar ne. A tahmisi wani mawaƙi ne ke ɗauko waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, kuma malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi wannan aiki sosai. Amsa-amo, wanda wasu ke kira ƙafiya, iri biyu ne. Babba shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuwa yana cikin baiti, yana iya sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan.

Ma'aunin waƙa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa. Gaɓa irin ta farkon kalmar gida marar nauyi ce, amma ta farkon kalmar rana mai dogon wasali, ko ta farkon kalmar sarki da baƙi ya rufe, mai nauyi ce. Jeruwar waɗannan gaɓoɓi ce ta sa aruli, wato ilimin ma'aunin waƙar Larabci wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, ya zauna wa waƙar Hausa da kyau. Shi ya sa ba a auna waƙa da ido, sai an rera ta. Akwai kuma wata dabarar tsari da ake kira gangara, ga wani ɗan misalinta:

Na bar gida na zo Ikko ina
Neman halal, ban zo wasa ba.

Ɗangon farko ya ƙare, amma magana ba ta ƙare ba, dole ta gangara zuwa na biyu kafin ma'ana ta cika. Idan irin wannan tsallake ya faru tsakanin baiti da baiti, sunansa saɓi-zarce. A waƙar baka kuma ba a cewa baiti, ana cewa ɗan waƙa, sannan akwai gindin waƙa da 'yan amshi ke maimaitawa bayan jagora.

Wasan kwaikwayo yana da wani takunkumi da waƙa ba ta da shi: marubuci ba ya magana da bakinsa. Duk abin da yake son a sani dole ya fito daga bakin 'yan wasa ko daga ayyukansu, kamar yadda yara masu tashe a watan azumi ke nuna halin mutum ta hanyar kwaikwayonsa ba tare da sharhi ba. Ana raba wasa kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa, ana sauya fitowa idan wuri ko lokaci ya sauya. Idan marubuci yana son a ji abin da ke ran tauraro, sai ya bar shi shi kaɗai a dandali yana zancen zuci a bayyane. Dabarar da ta fi kama mai kallo, a ganina, ita ce a sanar da shi abin da ɗan wasa bai sani ba, misali a nuna masa ɓarawo ya ɓuya a bayan ƙofa, sannan maigida ya shigo yana alfaharin cewa gidansa ba ya shiguwa.

A ƙagaggen labari tambayar farko ita ce: wa ke ba da labarin? Mai cewa "na tafi, na gani" ba ya sanin abin da ke zukatan sauran mutane, kuma yana iya ƙara gishiri, alhali mai cewa "ya tafi, ta gani" yana iya shiga kowane ɗaki da kowace zuciya. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933 sun jingina sosai da salon tatsuniya da hira, kuma a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam aku ne ke jero labarai a cikin babban labari, dabarar da ake kira labari cikin labari. Akwai kuma waiwaye, inda ake tsayar da labari a koma baya domin a bayyana tushen rikici, da ƙulli wanda ake ɗaurewa a hana mai karatu ajiye littafi har sai an warware shi.

Sai jigo, wanda ya shafi waƙa da wasa da labari baki ɗaya. Idan aka tambayi ɗalibi jigo ya fara cewa wani saurayi ya bar Katsina ya zo Legas neman kuɗi, ya haɗu da miyagun abokai, ya ƙare a kurkuku, to taƙaita labari ya yi. Jigon shi ne illar mugun abota, ko gargaɗi a kan son kuɗi, sannan abubuwan da suka faru da saurayin su ne hujjojin da ɗalibin zai jero wajen warwarar jigo, yana nuna shafi ko fitowa ko baitin da kowace hujja ta fito.