Yadda Ake Nuna Wa Kwamfuta Hanya

Assalamu alaikum jama'a. Mu ɗauka kana da shagon buga takardu a Mabera, cikin garin Sakkwato. Kwamfutarka tana hawa intanet lafiya lau, amma firintar da ke ɗakin baya ta ƙi amsawa. Ka duba waya, ba abin da ya same ta. Hanya ce kwamfutar ba ta sani ba.

Kowace kwamfuta tana da jadawalin hanyoyi, kamar direban tasha da ya san mai zuwa Illela sai ta Kware da Gwadabawa, mai zuwa Gusau kuwa sai ta Dange. Duk saƙon da ba ta san inda za shi ba, sai ta miƙa wa babbar ƙofa, wato rautar intanet, na'urar da ke haɗa ka da intanet. To firintarka tana bayan wata rauta ta biyu, ita kuwa babbar ƙofar ba ta san da zamanta ba.

A Windows, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta route print. Layin nan mai 0.0.0.0 shi ne babbar ƙofar. Yanzu sai ka rubuta:

route -p add 192.168.20.0 mask 255.255.255.0 192.168.1.2

Ka ce mata ke nan: duk adireshin da ya fara da 192.168.20, kamar na firintar a misalinmu, ki bi da shi ta 192.168.1.2, wato adireshin rauta ta biyun. Kwamfuta kullum tana fifita hanyar da ta fi fayyace wuri a kan babbar ƙofa. Dole dai ƙofar da ka ambata ta kasance a sashe ɗaya da kwamfutarka, a misalinmu duka adireshinsu ya fara da 192.168.1.

Wannan -p ɗin, don Allah kada ka manta da shi. In babu shi, ana ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, hanyar ta tafi, gobe da safe kwastoma na tsaye kana ta lalube.

Masu Linux, naku shi ne sudo ip route add 192.168.20.0/24 via 192.168.1.2, sai ku adana a Netplan, wurin saitin hanyoyin sadarwa, in Ubuntu ce.

Ka gwada ping, wato ka rubuta ping da adireshin firintar don ka ga ko za ta amsa. In shiru, to mai yiwuwa saƙon ya isa, amsar ce ta rasa hanyar komowa. Je ka duba saitin firintar, ka tabbatar ƙofar da aka sa mata ita ce rauta ta biyun.