Fijon Baba tana juyawa ba ta tashi: yadda muka tayar da ita ta waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau Lahadi, garejin da nake aiki a nan Liyon a rufe yake, sanyin Faransa kuma ya kulle kowa a ɗaka. Abin da za ku gani a bidiyon nan ba a nan aka ɗauka ba. A ƙofar gidanmu ne da ke Gwammaja, cikin birnin Kano. Autanmu ne ya jingina waya a kan bulo, ni kuma ina kan wannan kujerar ina ba shi umarni.

Ranar Alhamis da daddare ya kira ni. Ya ce, "Yaya, motar Baba ta ƙi tashi. An kawo bakanike, ya ce sai an sauke injin." Na tambaye shi me mutumin ya gwada. Ya ce ya murza makulli sau uku, ya leƙa cikin bonet, ya girgiza kai. Shi ke nan. Na ce kada a kwance ko noti ɗaya sai Asabar.

Ga motar nan. Peugeot 504 ce, Fijo a bakin mutanenmu. A 1968 aka fara ƙera irinta a ƙasar nan da nake zaune, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Fijo a 1975. Tamu haɗin Kaduna ce, kuma ta girme ni. Ita ta riƙa kai mu makaranta, ita ta kai Umma asibiti daren da aka haifi Auta. Wata biyar ke nan tana ajiye a gindin darbejiya tun da ciwon gwiwa ya hana Baba tuƙi, ƙurar hunturu ta yi mata bargo.

Abu na farko, na ce Auta ya kawo wayar kusa da injin ya murza makulli, ni kuma na rufe ido. Idan ka ji ƙyas-ƙyas kawai injin bai motsa ba, maganar batir ce ko kik, wato abin da ke juya injin idan an murza makulli. Tamu tana juyawa. Ku saurara da kyau: gur, gur, gur, gur, bugu huɗu daidai wa daida, kamar mata na daka a turmi ɗaya. Kowane bugu fistan ne yake matse iska. Da wani silinda ya rasa matsi, da kun ji bugun yana ɗingishi. Da sarƙar taimin ta tsinke, domin wannan injin sarƙa gare shi ba bel ba, da kun ji yana wulwulawa da sauri babu nauyi. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya.

Batirin ya yi rauni, sai muka aro na maƙwabcinmu, mita ta nuna bolt 12.6. Na gargaɗi Auta kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, ya riƙa barin kik yana hucewa. Mutane da yawa suna fara da matsala ɗaya su ƙare da biyu saboda naci.

Sai wuta. Na sa ya zare wayar tsakiya daga murfin distirbuta, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, ya riƙe ta da filaya mai roba a hannu, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen injin, tazarar kamar kaurin fensir. Ɗan maƙwabcinmu ya murza makulli. Abin da ake so a gani tartsatsi ne shuɗi mai ƙara, tas-tas-tas. Ba mu ga komai ba. Muka taɓa kwayil da ɗan ƙwan gwaji, ya kama, wato wuta tana isa can. To me ya hana ta fita?

Nan ne nake so ku tsaya da ni, musamman masu tsofaffin motoci. Murfin distirbuta maɗauri biyu ne ke riƙe da shi. Idan ka buɗe ka cire rota, za ka ga wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗa baki suna rabuwa, su ne kwantak. Duk lokacin da suka rabu, wutar da ke ratsa kwayil takan yanke farat ɗaya, wannan yankewar ce ke sa kwayil ya mayar da bolt 12 zuwa dubbai ya tura wa fulogi. Idan bakinsu ya yi datti wuta ba ta ratsawa, idan kuma ba sa rabuwa ba ta yankewa. Ko ta wace hanya, tartsatsi babu. Da Auta ya haska da tocila, bakin namu ya yi fari-fari kamar an shafa kanwa. Zaman wata biyar ne ya yi masa haka.

Ya ninke samfefa mai laushi ya goge tsakaninsu, sannan ya bi da farar takarda har ta fito fes. Muka juya injin da sifana har suka buɗe iyakar buɗewarsu. Tazarar da ake so wajen milimita 0.4 ce. Ba shi da ma'auni, sai na ce ya ɗauko katin gayyatar biki, ya shiga da ɗan ja-ja, ba sako-sako ba. Wannan na wucin gadi ne, a nemi ma'aunin gaskiya wajen mai rewaya. Aka sake murzawa. Ku ji ihun yaron nan: "Yaya, ga wuta! Wallahi ga wuta!"

Aka mayar da komai, aka murza. Shiru. Na ga fuskarsa ta faɗi, ya ce ko dai gaskiyar bakaniken ne. Na ce Auta, kwantar da hankalinka, motar da ta daɗe a ajiye ba kasafai take da ciwo ɗaya ba.

Na sa ya kwance fulogi ɗaya. Na ce ɗaya, kuma ya mayar da wayarsa kafin ya taɓa wani, domin tsarin tashin wutar 1-3-4-2 ne, in ka cakuɗa wayoyin ka jawo wa kanka wani aikin. Fulogin da ya jiƙe yana warin fetur yana gaya maka mai ya yi yawa, sai ka take totur har ƙasa ka murza. Namu a bushe yake ƙamas, bayan duk juyin da aka sha. Mai ba ya zuwa.

Gwajin da ya biyo baya yana da haɗari, don Allah kada a yi shi da wasa. An cire murfin iska, Auta ya zuba fetur cikin murfin kwalba ɗaya a bakin kafireta, ya kai galan ɗin can nesa, ya ajiye bokitin yashi kusa, ya kawar da fuskarsa, domin kafireta takan yi aman wuta. Aka murza. Ta tashi! Daƙiƙa biyu ko uku ta mutu. Amma waɗannan daƙiƙun sun gama shari'a: matsi yana nan, taimin yana nan, wuta tana nan. Injin da aka ce a sauke lafiyarsa ƙalau.

Ba zagin bakanike nake yi ba. A Kano na koyi sana'ar nan, a hannun ogan da ke gane ciwon mota tun tana shigowa gareji, kuma har gobe akwai irinsa a gari. Amma yara da yawa yanzu a kan motocin kwamfuta suka tashi, har a garejinmu na nan akwai waɗanda ba su taɓa saita kwantak ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne a yanke wa mai mota hukunci mafi tsada ba a gwada komai ba. Da Baba ya ji kuɗin sauke injin, da 'yan gwangwan ya kira.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Muka zare tiyon mai daga kafireta muka sa a kwalba, aka murza, sai ɗigo-ɗigo ja mai warin tsohon fenti. Matatar mai ta toshe da tsatsa, tiyon da ke shiga famfon mai ya tsattsage, famfo iska yake zuƙa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Baba kaɗan-kaɗan yake sha, tankin ƙarfe kuwa in ya zauna kusan wayam yakan yi gumi daga ciki ya yi tsatsa. Auta ya hau adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa, ya sayo tiyo da matata da sabon kwantak da kwandansa. Muka ba famfo sabon fetur kai tsaye daga galan, ba mu bi ta tanki ba tukuna. A murzawa ta huɗu ta kama, ta yi tari, ta fesar da baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita.

Ba za ta hau titi ba sai an sauke tanki an wanke, an juye baƙin mai, an duba birki da tayoyi. Wannan sai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ku kalli nan, ta bayan Auta. Baba ne ya fito da sandarsa, ƙarar ce ta taso shi daga ɗaki. Ya ɗora tafin hannu a jikin motar ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya sunkuyo wajen wayar ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya juya ga Auta ya ce, "Kai kuma ɗaga ƙafarka daga totur, bar ta ta yi zafi da kanta."