Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Baffa da Ɗan Almubazzari

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wata malama a Zariya. Tana cewa ta ji labarin wani tsohon wasan barkwanci na Ingila da ake yi wa masu cin bashi da almubazzaranci shaguɓe, tana son sanin sunansa da abin da ya ƙunsa.

To Malama, wanda ya fi shahara shi ne The School for Scandal na Richard Brinsley Sheridan. An fara nuna shi a gidan wasan Drury Lane da ke Landan a 1777. Labarin 'yan'uwa biyu ne, Joseph da Charles Surface. Joseph bakinsa cike da wa'azi, Charles kuwa ya cinye dukiya a caca da shaye-shaye, bashi ya kai masa iya wuya. Baffansu Sir Oliver ya dawo daga Indiya da arziki, sai ya ɓad da kama don ya gwada su. Ya je wa Charles a matsayin mai ba da bashi da ruwa.

Nan ne daɗin wasan yake. Charles ba shi da sauran abin sayarwa sai hotunan kakanninsa da ke rataye a bango, ya kuwa sa su a gwanjo. Takardar salsalar gidansu ma aka naɗe ta zama gudumar mai gwanjo! Amma da aka zo kan hoton baffan nasa, sai ya ce atafau ba zai sayar ba, bai san mai hoton ne tsaye a gabansa ba. Baffa ya ba shi fam 800, shi kuma ya aika wa wani dangi mabuƙaci fam 100. Joseph, da baffan ya je masa a matsayin wannan mabuƙacin, daɗin baki kawai ya yi masa. A ganina Sheridan ya yi wa almubazzari sassauci, bulalarsa a kan munafuki ta fi sauka.

Wani mai sauraro daga Maraɗi ya tambaya ko gaskiya ne marubucin shi ma ya sha fama da bashi. Ƙwarai kuwa, Malam. Drury Lane, inda ya zuba jarinsa, ya ƙone a 1809. Ya rasa kujerarsa ta majalisa a 1812, kariyar da ke hana a kama shi ta tafi, aka kuwa tsare shi saboda bashi. Ya rasu a 1816 cikin talauci, aka binne shi a Westminster Abbey, shahararriyar cocin nan ta Landan.