Luger mai mikiya: me ya sa lambobin jikinta ba sa cewa abu ɗaya?

Ga ta nan. Bindigar hannu ce, Luger ƙirar 1900, aikin kamfanin DWM na Jamus, da tambarin mikiyar Amurka a samanta. Duk lokacin da irinta ta fito a gwanjo sai gardama ta kaure: wannan ya ce ta gwajin soja ce, wancan ya ce jabu ce tunda lambobin sassanta sun saɓa. To, mu bi ta daki-daki.

Tarihin a gurguje. A 1901 sojan Amurka ya sayi guda 1,000 masu cin harsashi milimita 7.65, aka raba wa dakarun dawakai su gwada. Suka ce harsashin ya yi ƙanƙanta. Ga kuma labarin da ke zuwa daga Filifin, cewa ko bindigar .38 ba ta tsayar da mayaƙan Moro, Musulman kudancin ƙasar da ke yaƙi da sojan Amurka. Aka mayar wa DWM da guda 50 aka karɓo masu milimita 9. Daga ƙarshe Colt .45 ce ta yi nasara a 1911. Sauran Luger ɗin aka tattara su a ma'aikatar makamai ta Springfield, aka yi gwanjonsu, dillalin kayan soja na New York, Francis Bannerman, ya kwashi 780 a kan wajen dala 10 kowace. Akwai wani gini mai kama da fada a wani tsibiri na kogin Hudson, shi ne rumbun kayansa a da.

Mikiyar fa? Ku ajiye ta gefe. DWM ya buga ta har a kan waɗanda aka sayar wa farar hula a Amurka. Ku duba inda ake buga sunan ƙasar da ta ƙera: na kasuwa suna da shi, na gwaji babu. Lambar bindiga kuma galibi daga 6100 zuwa 7100 ake nema, amma jerin lambobin waɗanda Bannerman ya saya ya kai 7108, har da wata 7147. Ke nan iyakar ba katanga ba ce.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. 

Kun ga waɗannan ƙananan lambobi biyu? Ƙarshen lambar bindigar ne. Ana buga su a ƙananan sassa, domin kowane sashe da hannu aka daidaita shi da tasa bindigar. Idan lambar ta ƙare da 47, kunama ta ce 47, murfin gefe ya ce 47. A wannan kuwa kunamar ta ce 12. Nan take sai a yanke hukunci: haɗe-haɗe ce.

A yi haƙuri tukuna. Bindigar gwaji wahala aka sayo ta ta sha. Ƙura, ruwan sama, zufar doki, hannu bayan hannu. Abu ya karye, makanikin makamai ya ciro na wata da ta lalace ya sa, aiki ya ci gaba. Shi ba ya tunanin wani mai tara kayan tarihi bayan shekara ɗari. Kamar dai gyaran babur ne a bakin tasha, abin da ya shiga daidai shi ake ɗaurawa. Saboda haka 12 ɗin nan tana iya zama gyaran soja, tana iya zama aikin shagon dillali, tana iya zama na wanda ya gaje ta daga baya. Lambobi biyu kaɗai ba za su gaya muku wanne ba ne, don a cikin bindiga dubu akwai goma da suka ƙare da 12, ban da na kasuwa.

Abin da ke magana shi ne ƙarfen kansa. Ku dubi launin kunamar, ruwan ɗorawa ne da wuta ta ba ta tun a masana'anta. Ya koɗe daidai da na maƙwabtanta? Inda yatsa ke gogawa ya suɗe? Siffar lambobin iri ɗaya ce da sauran? Sannan ga wata Luger ta biyu, ku dube ta. Duk lambobinta sun dace, tana ƙyalli. Amma kusurwoyinta sun yi laushi, gashin fikafikan mikiyar ya dushe, kuma ƙarfen da ke kewaye da lambar ya ɗan lotsa. An goge, an sake rini, an sake bugawa. Ni dai a ba ni ta farko. Wadda aka goge wa lamba an shafe mata shaidar inda ta bi, kuma wannan ba ya dawowa.

Tarihin sayarwa kuma daga yau ake binsa a koma baya: kundin gwanjo, rasit, tsofaffin hotuna, wasiƙun iyali, har a tarar da jerin Bannerman. Kowace takarda sai ta ɗauki cikakkiyar lambar. Wadda ta ce "Luger ɗaya" kawai, labari ce. Idan hoton gwanjon baya ya nuna kunama mai 12, yau kuma ta koma 47, kun san tsakanin waɗanne hannaye aka taɓa ta, kuma sai ku tambayi mai sayarwa tun kafin a yi maganar kuɗi.